Pop Clarrie, Littafinsa da Tauraro Ɗaya

Kakana Clarrie Dunstall, wanda mu jikokinsa muke kira Pop, abu uku ya yarda da su a duniya: motarsa, matarsa, da wani littafi. Daga ƙarami zuwa babba na jero su. Nan, wato kakata Noelene, ta san matsayinta tun tuni, kuma ba ta taɓa ɗaukaka ƙara ba.

Littafin na wuraren yada zango ne, irin wanda masu yawo da tafi-da-gidanka suke saye. Duk filin da mutum zai iya jawo ɗakinsa mai taya a gindin mota ya ajiye ya kwana, daga wannan bakin teku zuwa wancan, yana ciki, da taswira da 'yan alamomi: akwai ruwa, akwai bayan gida, an yarda da kare. Bugun shekarar 2009 ne. Tun daga nan an sake buga shi ban san sau nawa ba, amma Pop ya ce ƙasar ai tana nan inda ya bar ta, a kan me zai sayi sabo? Bangon ya cire, an mayar da shi da baƙin salatif na masu gyaran wuta. Shafukan sun kumbura don shayin da suka sha. Idan ya faɗo maka a ƙafa, a asibiti za ka kwana. A gefen kowane shafi akwai rubutun Nan da fensir: "ƙuda", "inuwa mai kyau", "mai wurin ba shi da mutunci", "a nan Clarrie ya yi baya ya karya famfo, ya ce famfon ne ya matso".

Shekara arba'in da ɗaya Pop ya yi yana aikin ruwa a garinmu Kerang, a jihar Victoria. Shi ne mai zagayawa yana buɗewa da rufe ƙofofin magudanan ban-ruwa na gonaki. Aikin mutum ɗaya ne da mota ɗaya, wuni guda ba wanda yake gani sai shanu. Nan ta ce a can ne maganar ta taru. Ranar da ya yi ritaya aka buɗe ƙofar, har yau ba a samu mai rufewa ba. Pop zai tare ka a gidan mai ya tambaye ka iskar tayarka, ba za ka farga ba sai bayan awa biyu, ka ji kana tsakiyar ambaliyar 1974. Faston cocinsu, mutumin da aikinsa ke nan sauraron jama'a, idan ya hango shi tsallaka titi yake yi.

Kowace shekara, da sanyi ya kunno kai a watan Mayu, don a ƙasarmu lokacinsa ke nan, sai ya ɗaura tirelarsa, wato ɗakin nan mai taya, a mota, shi da Nan su bi sahun dubban tsofaffi zuwa arewa inda rana take. Makiyaya masu furfura ake ce musu, ko da yake ko akuya ba sa kiwo. 'Yan fansho ne kawai da suka yi rantsuwa 'ya'yansu ba za su gaji komai ba sai tsohuwar tirela da kujeru biyu masu naɗewa.

Bara likitan ido ya hana Pop tuƙi da tirela. Ni kuma a lokacin an sallame ni daga shagon taya, bayan an sallame ni daga tsinkar inabi a Mildura, bayan makaranta ta sallame ni ko na sallame ta, ya danganta da wanda ka tambaya. Mamata ta dubi matsalolin nan biyu ta ga sun dace da juna.

"Brodie, kai za ka tuƙa su," ta ce. "Wata uku ne. Ka dawo min da su da rai. Idan abin ya gagara, ka dawo da Nan."

Haka muka ɗauki hanya. Pop a gaba da littafi a cinya da gilashin ƙara girman rubutu, Nan a baya da saƙarta, ni kuma na manna wayata a jikin gilashi. Akwai manhajar da kowa ke amfani da ita yanzu. Kowane wurin kwana ɗigo ne a taswira, matafiya da kansu suke sakawa, su ɗora hoto, su ba da tauraro ɗaya zuwa biyar, su rubuta abin da suka gani.

Pop ya dube ta ta saman tabarau. "Wannan abin ne zai gaya mana inda za mu kwana?"

"Shi ne, Pop. Mutum dubu ɗari ne a ciki."

"Mutum dubu ɗari da ba su san inda za su kwana ba. To, madalla. Tuƙa mu, Farfesa."

Sunan ke nan ya bi ni har ƙarshen tafiya.

Ranar farko littafi aka bi. Shafi na tamanin da takwas, gaba da garin Hay kaɗan: fili mai inuwa a bakin ruwa, kyauta. Muka isa muka tarar da ƙofar ƙarfe da ƙaton kwaɗo, bayanta farantan sola iya ganin ido. Pop ya sauka. Ya dubi littafi, ya dubi ƙofa, ya sake duban littafi.

"An yi kuskure," ya ce.

"A littafin?"

"A ƙasar."

Cikin minti biyu wayata ta nemo mana filin baje-kolin garin, da ruwan zafi da komai. Pop ya yi wanka da ruwan zafin nan kamar wanda aka tilasta wa shan magani, ya fito ya ce bai yi zafi ba sosai.

Rana ta uku aka rama. Mun wuce garin Bourke sai sabis ya ɗauke, ni kuwa ban sauke taswirar a waya ba, don ba wanda ya gaya min, ko an gaya min ban ji ba. Allon ya zama toka-toka, da wani shuɗin ɗigo a tsakiya.

"Muna ina, Farfesa?"

"Ga mu nan. Wannan ɗigon."

"Shi ɗigon yana ina?"

"A tsakiya."

Nan ta ce daga kujerar baya, ba ta ko ɗago kai ba, "Aƙalla dai ba a gefe muke ba."

Pop ya lashi yatsa ya buɗe shafi a hankali, yana jan abin kamar mai cin nama mai daɗi. Littafi ya kai mu wata inuwa a bakin rijiyar burtsatse. A wunin nan kaɗai sau goma sha huɗu ya gaya min littafinsa bai taɓa neman caji ba. Na ƙirga, don ba ni da sabis ɗin yin wani abu.

Washegari na ce sai na wanke kaina, na kai su wani wuri mai tauraro biyar cif. Da ƙarfe uku muka isa, tirela arba'in ta riga mu, an jera su kamar kifin gwangwani. Idan maƙwabcinka ya yi tari, labulenka ne yake motsi. Nan ta karɓi littafin ta rubuta a gefe: "wurin Brodie".

A irin wuraren nan, ƙarfe huɗu na yi kowa zai fito da kujerarsa da gwangwanin giya ko kofin ruwan inabi, da biskit da cuku, a yi da'ira. Hirar ɗaya ce daga Victoria har ƙarshen arewa: tsadar dizal, ciwon gwiwa, da inda ake zubar da tankin bayan gida. Sai wani ya yi tambayar da ake yi kullum: "Ina kuka nufa?" A nan ne na ga abin mamaki. Pop, mutumin da ya riga ya gaya wa da'irar sunan likitan da ya yi masa aikin basir, sai ya ce, "Arewa." Ya rufe baki ya ɗauki biskit.

Doka ce ta makiyayan nan, ba a rubuta ta ko'ina ba. Wurin da ka samo da ƙafarka naka ne, ba a faɗarsa a da'ira. Idan ka yarda da mutum, bayan shekaru kuna haɗuwa a hanya, sai ka ja shi gefe ka zana masa taswira da fensir a cikin littafinsa. A shekara kusan talatin mutum biyu kacal Pop ya zana wa nasa. Ɗaya ya rasu. Ɗayan yana gidan kula da tsofaffi, sunan matarsa ma sai an tuna masa.

Ba zan faɗi inda wurin yake ba. Na faɗa sau ɗaya, ya isa. A yammacin Queensland ne dai, a kan wani tsohon burtali na gwamnati, wato kowa na da ikon kwana idan ya san hanya. A 1996 Pop ya same shi, ranar da tayar tsohuwar tirelarsu ta ci wuta ya shiga daji neman ruwa. Ko a littafin babu shi, sai zanen fensir na Nan a cikin bangon baya. Kogi ne ya yi kwana, ya bar farin yashi a ciki, ga manyan bishiyoyin turare sun yi rumfa, ga ruwa mai zurfi da kifi. Da safe tsuntsaye suke sauka ɗari-ɗari. Sati shida suke yi a nan duk shekara.

Abin da ban sani ba sai da na gani: a wurin nan Pop shiru yake yi. Zai ɗauki sandar kamun kifi ya zauna a gindin wata bishiya da ta kwanto kan ruwa, awa uku, awa huɗu, ko tari babu. Ranar farko har na je na duba ko yana numfashi.

"Ƙyale shi," in ji Nan. "Kai kana zaton don kifi nake zuwa? Sati arba'in da shida ina saurare. Waɗannan shidan nawa ne."

Magana ɗaya yake yi da safe, ita ma don ni. Kullum muna karyawa zai ce, "Farfesa, duba mana wayar nan, muna ina?"

"Babu a ciki, Pop."

"Kunnena ya tsufa. Me ka ce?"

"Na ce babu."

"Mutum dubu ɗari," zai ce, yana shafa man shanu a burodi. "Ko ɗaya."

Kwana goma yana min haka. A rana ta goma sha ɗaya na hau rufin mota, inda ake samun sabis layi ɗaya idan ka ɗaga hannu kamar mai tare tasi. Minti uku abin ya ɗauke ni. Na saka ɗigo, na ɗora hoton fitowar rana a kan ruwa, na ba da tauraro biyar, na rubuta: "Aljannar duniya. Kyauta. Babu kowa." Na ma raɗa wa wurin suna, Kwanar Clarrie. A raina karrama shi na yi. Na san dokar, na gan ta da idona a da'ira, amma na ɗauka dokar bakin mutum ta hana, ba ta ce komai a kan yatsa ba.

Da safe ya yi tambayarsa, ni kuwa na miƙa masa waya ina murmushi. Ya ɗauko gilashinsa ya karanta. Ya daɗe yana karantawa, kalma biyar ce amma ya daɗe. Nan ta ajiye butar shayi.

"Babu kowa," ya karanta a fili. "Kai ka rubuta?"

"Ni ne. Ka ga har da sunanka."

"Ka gaya wa mutum dubu ɗari cewa babu kowa."

Sai a lokacin na gane abin da na yi.

Nan ta ce, "Brodie, shagon tayan nan, su da kansu suka kore ka, ko?"

"E, Nan."

"Mutanen kirki ne. Na zarge su a banza."

Na koma rufin mota da gudu don in goge. Manhajar ta ce wurin ya zama na jama'a, sai masu kula sun duba, za su ba ni amsa cikin kwana talatin, kuma sun gode da gudummawata. Mutum sittin da uku sun riga sun danna masa alamar so.

Washegari da azahar tirela ta farko ta iso. Kwana biyar, sun zama goma sha ɗaya. Kwana tara, ashirin da shida, har wasu suna kwana a kan hanyar shigowa. Janareta, karnuka, rediyo, wani yana tayar da ɗan jirginsa marar matuƙi yana korar tsuntsaye don ya ɗauki hotonsu. Wani mai suna Gavin, dillalin gidaje daga Brisbane, ya zo da tirelar da ta fi gidan su Pop girma, har da injin wanki. Ya ɗaura igiyar shanya a bishiyar da Pop yake zama, ya jera gajerun wandunansa bakwai a kan ruwa. Sannan ya zo ya miƙa wa Pop hannu.

"Kai ne Clarrie na Kwanar Clarrie? Abokina, mun gode. Mutane irinka ne suke gyara duniya, ba masu ɓoye abu ba."

Pop ya dubi hannun, ya dubi wandunan, ya shige tirela ya ja labule.

Kwana uku bai yi min magana ba. A na huɗu ya fito ya nuna min rufin mota da haɓa. Ya tsaya a ƙasa yana shibta ina rubutawa.

"Rubuta: sauro kamar tantabara. Rubuta: macizai suna shiga takalmi. Rubuta: kada."

"Pop, kada mafi kusa da nan yana da nisan kilomita dubu."

"Rubuta ya yi ƙaura."

Na rubuta. Kafin yamma mutum talatin sun sa alamar dariya. Wata ta rubuta cewa wannan ne sharhi mafi ban dariya a duk Queensland, ta ƙara tauraro biyar. Washegari tirela huɗu suka iso takanas, da jikoki, suna tambayar inda ake ganin kadan Clarrie.

A ranar ne Pop ya zauna a bakin ƙofar tirela da littafi a buɗe ta bangon baya, inda zanen yake. Bai taɓa sandar kifi ba tun zuwan wandunan Gavin.

"Jibi mu tafi," ya ce. "Baɗi ma ba sai an zo ba. Noelene, ina abin goge fensir?"

Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙanƙanta haka ba.

Nan ta ce abin goge fensir ya ɓace. Ina ganinsa a cikin kwandon saƙarta. Ta ƙirga zarenta, sannan ta ce, "Clarrie, ni abin da ya dame ni rashin tarbiyyar ne. Baƙi sun zo wuri mai sunanka, ko gaisuwa ba ka je ka yi musu ba. Rabinsu ba su san iskar da ya kamata su sa a taya ba. Gobe da safe ka ɗauki littafin ka zagaya. Ka fara da mai injin wanki."

Pop ya yi gunaguni, amma maganar iskar taya ta shige shi. Da ya shiga ciki Nan ta dube ni.

"Shekara arba'in da tara ni kaɗai nake shan wannan abin," ta ce a hankali. "Lokaci ya yi da jama'a za su ɗanɗana."

Ƙarfe takwas na safe Pop ya ƙwanƙwasa tirelar Gavin. Gavin ya fito da kofin kofi yana fara'a. Ƙarfe tara an gama taya an shiga nauyin da ƙugiyar mota take iya ɗauka. Ƙarfe goma an buɗe littafi, shafi-shafi, daga Tasmania, can ƙarshen kudu, ake haurowa, ana nuna masa abin da wayarsa ba ta sani ba. Matar Gavin ta ce kanta na ciwo, ta shige. Gavin ya ce, "To, abokina, bari in ɗan..." sau shida, ina ƙirgawa daga nesa. Da ya shiga bayan gida, Pop ya zagaya ta wajen 'yar tagar ya ci gaba. Sha ɗaya da rabi aka iso ambaliyar 1974. Kofin yana hannun Gavin har lokacin, ƙuda biyu sun mutu a ciki.

Da la'asar aka kwance igiyar shanya.

Daga nan Pop ya ɗauki abin kamar aikin gwamnati. Tirela huɗu a wuni, layi-layi, yadda yake bin ƙofofin ruwa a da. Ƙarfe huɗu kuma ya ɗauki kujerarsa ya shiga da'ira. Ranar farko da'irar mutum talatin ta koma rabi cikin minti ashirin, kowa ya tuna ya bar abu a wuta. A rana ta biyar ba wanda ya fito da kujera, sai labule kawai ke motsi. Duk wanda ya ce zai tafi, Pop zai raka shi har mota ya nuna masa wani wurin da ya fi wannan, shafi na ɗari da arba'in. Na duba a waya, tun 2013 aka mayar da wurin ramin tsakuwa. Na tambaye shi ko ya sani.

"Littafin bai ce an rufe ba," ya ce.

Kowace safiya ina hawa rufin mota in karanto musu sababbin sharhi. "Wuri mai kyau, amma akwai wani tsoho." Tauraro biyu. "Hutun sati muka zo, kwana ɗaya muka yi. Yanzu na san yadda ake raba ruwa a Kerang." Tauraro ɗaya. "Idan kun ga mutum da baƙin littafi, kada ku sauke gilashi." Na Gavin ya fi kowanne gajarta: "Gara kadan."

Pop yana ta dariya da farko. Da na kai na bakwai ko na takwas sai ya daina. Ya juya kofinsa a hannu.

"Wato haka nake, Noelene?"

"Haka kake, tsohona."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar ɗaurin aure. Sha shayinka, saura tirela tara."

Ya sha. Ya ɗauki littafi ya tafi aiki.

Cikin kwana goma sha biyu yashin ya koma namu. Taurari sun faɗo daga biyar zuwa biyu da 'yan kai. Mun tsince gwangwanaye, mun cike ramukan wuta, tsuntsaye sun fara dawowa. Pop ya ɗauko sandarsa yana gyara ƙugiya, sai muka ji ƙarar mota.

Tsohuwar mota ce da 'yar tirela mai tsatsa. Wani dogon tsoho ya fito, hularsa ta sha rana har ta manta launinta. Pop ya yi ajiyar zuciya, ya ajiye sanda, ya ɗauki littafi, ya nufe shi. Ni da Nan muka zauna kallo. Awa ɗaya, tsohon bai motsa ba. Awa biyu, ya ɗauko kujeru. Da aka iso ambaliyar 1974 sai muka ji ya ce, "A'a, abokina, ranar Laraba ruwan ya karya, ba Alhamis ba. Ina wurin."

Sunansa Lindsay, daga Griffith, shekara talatin da takwas yana auna ruwan magudanai. 'Yarsa ce ta saka masa manhajar a waya, shi kuma bai taɓa buɗewa ba sai ranar da wani a gidan mai ya nuna masa sharhin Kwanar Clarrie don a yi dariya. Ya karanta cewa akwai tsoho mai littafi da yake maganar ruwa wuni guda, ya juya mota ya yi kilomita ɗari shida. Ya shiga tirelarsa ya fito da nasa littafin. Bugun 2007.

Pop ya karɓa da hannu biyu.

Matsalar ta taso da yamma, da Lindsay ya fito da waya ya ce min, "Samari, nuna min inda ake dannawa. Wurin nan da mutumin nan, tauraro biyar ma ya yi musu kaɗan."

Na ga fuskar Pop. Shekara saba'in da shida yana neman wanda zai saurare shi har ƙarshe, ga shi ya samu, kuma mutumin yana shirin rusa masa aikin kwana goma sha biyu da yatsa ɗaya. Ya tashi ya ce, "Lindsay, zo mu ɗan zagaya. Taho da littafinka. Noelene, ara min fensir."

Suka tafi gindin bishiyar da ta kwanto kan ruwa. Ina hango Pop ya buɗe bangon bayan littafin Lindsay yana zane, gada ta biyu, shinge, kwana, duk da cewa mutumin a tsaye yake a kan wurin da ake zana masa. Da suka dawo Lindsay ya miƙo min waya, idonsa ya ɗan yi ja.

"Tauraro ɗaya," ya ce. "Rubuta cewa yanzu su biyu ne."

A kwanakin da suka rage tirela uku ce kawai ta leƙo. Tsofaffin biyu suka tarye su tun daga hanyar shigowa, kowa da littafinsa a hammata, ɗaya ta tagar direba, ɗaya ta tagar matarsa. Ba wadda ta kashe inji. Sauran lokacin kuma suna can ƙasan kogi suna gardamar Laraba da Alhamis, nesa da kunnen Nan. Ta gama rigar sanyi biyu.

Ana saura kwana biyu mu tashi, muna karyawa, Pop ya ce, "Farfesa, tauraro nawa muke?"

Na hau na duba. "Ɗaya da rabi."

"Wa yake ba mu rabin?"

"Na farko-farkon ne, Pop. Har da nawa. Yana nan da biyar ɗinsa."

"Ana iya gyarawa?"

"Nawa dai ana iyawa."

"To gyara. Ka cire aljannar, ka cire kyautar."

"Me zan sa?"

"Gaskiya mana. Tsofaffi biyu, littafi biyu, ba su da wurin zuwa."

Na rubuta, na mayar da shi tauraro ɗaya, na sauko. Nan ta buɗe bangon baya ta rubuta wani abu a ƙasan zanenta, ta rufe kafin in leƙa. Pop ya ɗauki sandarsa ya tafi gindin bishiya. Lindsay ya bi shi da tasa, ya buɗe baki zai fara, Pop ya ɗaga masa yatsa ɗaya. Suka zauna. Na duba agogo don in ƙirga, har rana ta take tsaka ba wanda ya ce uffan.